SHARHI: Wasan haɗa kalmomi a waya da jarrabawar da ke jiran Hausa a Birnin Konni

Tun ranar 26 ga Maris, 2025, da aka ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar, Hausa ta zama harshen ƙasa a hukumance, aka mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Sai dai matashin Birnin Konni da ya ɗauki wayarsa don ya kara da abokinsa a wasan haɗa kalmomi zai tarar cewa dokar ba ta iso cikin wayar ba tukuna. Manyan manhajojin wasan za su ba shi zaɓin Faransanci ko Ingilishi da wasu harsunan Turai. Idan ya jera "gida" ko "ruwa", na'urar za ta ce masa ba ta san wannan kalma ba.

Ana iya ɗaukar batun da wasa, tunda dai wasa ne. Amma kafin a iya buga irin wannan wasa da kowane harshe, dole a samu jerin kalmomin da kowa ya yarda da shi, a daidaita haruffa, sannan a san wanda zai raba gardama idan ta taso. Waɗannan su ne abubuwan da littafin makaranta da takardar jarrabawa da fom ɗin ofis ke buƙata kafin a rubuta su da Hausa. Don haka wasan ya zama ma'auni mai sauƙi na tazarar da ke tsakanin abin da kundi ya faɗa da abin da aka shirya a ƙasa.

Daga allo zuwa waya

Kakan waɗannan wasanni shi ne Scrabble, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙira a shekarun 1930, aka raɗa masa sunan da aka san shi da shi a 1948. Kowane ɗan wasa na riƙe da haruffa bakwai, yana jera kalma a kan allo yana tara maki.

A 2009 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fitar da Words With Friends, wanda ya kai irin wannan wasa cikin waya, kamfanin Zynga kuma ya saye shi a ƙarshen 2010. Sirrin karɓuwarsa shi ne ba sai 'yan wasan biyu sun zauna lokaci guda ba. Mutum ya jera kalmarsa da safe ya tafi kasuwa, abokinsa ya rama da dare. Wannan tsari ya dace da wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Sai kuma Wordle, na Josh Wardle, wanda ya fito fili a watan Oktoban 2021. Kalma ɗaya ce mai haruffa biyar a kowace rana, kowa na da damar canka sau shida, sannan ya tura wa abokansa sakamakonsa ba tare da ya tona amsar ba. A farkon Nuwamban 2021 mutum 90 ne ke buga shi. Cikin wata biyu suka haura 300,000, kuma kafin ƙarshen Janairun 2022 jaridar New York Times ta saye shi.

Afirka ta daɗe a wannan fage. A watan Nuwamban 2015, ɗan Najeriya Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya ta Ingilishi a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Dakar ta karɓi gasar duniya ta Faransanci a 2008. A 2015 ɗin kuma aka ga abin mamaki a Beljiyam: Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand da ba ya jin Faransanci, ya haddace ƙamus ɗin wasan cikin kimanin mako tara, ya doke ɗan Gabon Schélick Rekawe a karawar ƙarshe. Labarin nasa ya nuna inda ƙarfin wasan yake. Wanda ya mallaki jerin kalmomi shi ne ya mallaki wasan, ko da bai iya gaisuwa da harshen ba.

Abin da ya sa Konni ta zama wurin gwaji

Birnin Konni na kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, fiye da kilomita 400 gabas da babban birnin ƙasar. Kilomita kaɗan kudu da ita akwai Illela ta Jihar Sakkwato, birnin Sakkwato kansa kuma bai kai kilomita 100 ba. Akwai wata Illela a arewa, cikin jihar Tawa, wadda ita ma gunduma ce kamar Konni da Malbaza. Albasar Galmi da simintin Malbaza duk ta wannan yanki suke bi.

Mutanen ɓangarorin iyakar biyu dangi ne, harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Makaranta ce ta raba su: na Konni ya yi karatu da Faransanci, na Illelar Najeriya da Ingilishi. Idan 'yan uwa biyu, ɗaya nan ɗaya can, suka so karawa a wasan kalmomi, duk harshen da manhajar ta ba su zai zama ɗaya na gida ɗaya baƙo. Harshen da za su yi kunnen doki a cikinsa shi ne wanda babu a jerin.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar, Najeriya ta kuma katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. Ba a buɗe hanya ba sai watan Maris na 2024. A waɗannan watanni waya na daga cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa dangi su ji lafiyar juna. A ranar 29 ga Janairu, 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris na shekarar ta sanar da barin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Yayin da igiyoyin siyasa ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, Hausa ce igiyar da ba ta bi ta hannun jami'an kan iyaka.

Sha'awar wasa da kalma kuwa ba daga waya aka koyo ta ba. Akwai kacici-kacici, inda wanda amsa ta gagara yake ba da gari kafin a faɗa masa. Akwai zaurance da karin magana, ga dara da manya ke bugawa a gindin bishiya. A fada, wato majalisar da samarin Nijar ke taruwa kan shayi, gardama kan kalma da ma'anarta abin yau da kullum ne. Masu wasa suna nan. Filin wasan ne ba a share ba.

Harafin K mai maki goma

Wani zai ce ai sai a ɗauki allon Faransanci a jera Hausa a kai. Lissafin haruffa ne zai hana. Butts ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Ingilishi kafin ya raba maki: harafin da ke yawan fitowa ya samu maki kaɗan da ƙwayoyi da yawa, wanda ba ya yawan fitowa ya yi tsada.

A allon Faransanci mai ƙwayoyi 102, K ɗaya ne tak, kuma makinsa goma. Haka W, haka Y. A Hausa waɗannan haruffa ne na kowane layi. Kalmomi irin "kowa", "kaya", "kyau" da "wuya" kowace za ta ci maki 22 tun kafin a zo maganar gidan ninki, alhali "kwakwa" ba za ta taɓa jeruwa yadda ya kamata ba saboda ƙarancin K da W. Ga E har goma sha biyar da za su yi wa ɗan wasa yawa, ga P, Q, V da X da ba su da aikin yi, sannan babu ɓ, ɗ da ƙ kwata-kwata.

Gyara wannan na buƙatar a tara rubutun Hausa mai yawa, na jaridu da littattafai, a ƙirga haruffansa. Aiki ne da ɗalibin kwamfuta zai iya gamawa cikin ɗan lokaci. Abin da ke gaba da shi ne ya fi wuya.

Fada ko faɗa?

Yawancin masu rubuta Hausa a waya ba sa sa ƙugiya. A hira, mai karatu na cike gurbin da kansa. A wasa babu wannan sassauci. "Fada" wurin zama ne, "faɗa" rigima ce. "Baki" daban, "baƙi" daban. "Kusa" da "ƙusa" kalmomi biyu ne. Wasan da ya haɗe su ya ɓata harshe, wanda ya raba su kuma ya tilasta wa ɗan wasa ya koyi ƙa'ida. A nan amfaninsa yake ga makaranta: yaron da ya rasa maki a gaban abokansa saboda ya bar ƙugiya ba zai sake mantawa ba.

Sai dai ƙa'idar kanta ba ta gama zama ɗaya ba. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, a watan Oktoban 1999 kuma ma'aikatar ilimin Nijar ta fitar da tata ƙa'idar. Har yau Nijar na rubuta "ƴa" da harafi mai ƙugiya, Najeriya na rubuta "'ya". Ko sunan garin da ake magana a kai bai tsira ba: ana ganin Konni, N'Konni, Ƙonni da Ƙwanni.

Akwai kuma batun "sh" da "ts". Sauti ɗaya ne kowannensu, amma haruffa biyu a rubuce. A wasa irin Wordle, "tsaro" gurbi biyar ce ko huɗu? Allon Sifaniyanci ya warware irin wannan da ba CH, LL da RR ƙwaya guda-guda. Hausa ma sai an zauna an yanke.

Bayan haka, ƙamus na kawo tushen kalma ne, wasa kuwa na son kowace siga. Daga "saya" akwai sayi, saye, sayo, sayar, sayu. Daga "gida" akwai gidan, gidaje, gidajen. Ƙamus ɗin Scrabble na Faransanci, wanda kamfanin Larousse ke bugawa kuma bugu na tara ya fara aiki a Janairun 2024, an gina shi ne don ya raba irin wannan gardama. Hausa na da manyan ƙamusoshi: na Bargery na 1934, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na masanin harshe ɗan Nijar Abdou Mijinguini. Amma an rubuta su ne don mai neman ma'ana. Mayar da su jerin da na'ura za ta yi alƙalanci da shi wani aikin ne daban.

Hausar wa za ta zama alƙali?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Konni. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano. Mutumin Konni, kamar na Sakkwato da na Adar, yana cewa "lahiya", "tahi", "kihi" da "hwara". Kalmomin aronsa kuma daga Faransanci suke: "lakwal" a madadin makaranta, "mushe" ga malamin boko, "bik" inda na Najeriya ke cewa biro, "duwan" inda ake cewa kwastam. Jika ɗaya a Konni sefa dubu ce, jaka ɗaya a Kano naira ɗari biyu.

A ɗauka an fito da wasan Hausa gobe, an cika shi da jerin da aka kwaso daga jaridun Kano da Kaduna kaɗai. Ɗan Konni ya jera "duwan", kalmar da yake ji kullum a bakin iyaka, manhaja ta ce babu ita. Abin da aka faɗa masa shi ne Hausar gidansu kuskure ce. Ya fito daga hannun alƙalin Faransanci ya faɗa hannun wani alƙalin, wannan karon da harshensa. Ga ƙasar da ta ayyana Hausa harshen ƙasa da sunan 'yancin kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan kuma aka buɗe ƙofa aka ce duk abin da wani ya faɗa kalma ce, wasan ya mutu, domin babu abin da za a yi gasa a kai, kuma ba zai koya wa kowa ƙa'ida ba.

Wordle kansa ya nuna hanyar tsakiya. Jeri biyu ya fito da su tun farkonsa. Akwai ƙarami, mai kalmomi kimanin 2,300 da kowa ya sani, daga ciki ake zaɓo amsar kowace rana. Akwai kuma babba, mai kusan 13,000 a lokacin da wasan ya fito, na duk kalmomin da aka yarda ɗan wasa ya gwada. Da wannan tsari amsa za ta riƙa fitowa daga Hausar da Konni da Kano da Damagaram suka yi tarayya a kanta, yayin da "hwara" da "duwan" za su samu karɓuwa a matsayin halastattun kalmomi. Ba sabon abu ba ne: ƙamus ɗin wasan na Faransanci ya shigar da kalmomin Beljiyam, Kanada, Suwizalan da Afirka, Bargery ma tun 1934 ya riƙa nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato ko Katsina.

Cikas ɗin da ba a iya kauce masa

Masu ganin cewa akwai abin da ya fi wannan gaggawa suna da hujja. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Mafi yawan 'yan ƙasar ba sa kan intanet. Kamfanonin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ne ke raba kasuwar, Starlink kuma ya fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025, sai dai kayansa sun fi ƙarfin talaka. Tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018 ba ta raba yankin da matsalar wuta ba. Hausar da ke yawo a WhatsApp kuma galibi saƙon murya ce.

Amma wannan hujja tana yanka ta ɓangare biyu. Masu jin Faransanci a Nijar kimanin kashi 13 ne cikin 100. Ma'ana duk wasan da aka yi da Faransanci ya riga ya bar mafi yawan jama'a a waje. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma ɗaya daga cikin matsalolin irin wannan karatu shi ne rashin abin karantawa bayan an tashi daga aji. Yaron da ya koyi rubutun Hausa a makaranta ko ajin yaƙi da jahilci, idan bai samu inda zai yi amfani da shi ba, zai manta. Wasan kalma ɗaya a rana ba ya cin data mai yawa, kuma yana ba mutum dalilin rubuta harshensa daidai kullum ba tare da bulala ba.

Jiran manyan kamfanoni kuwa ɓata lokaci ne. Wasannin kyauta da talla suke rayuwa, tallar kuma tana cin datar ɗan wasa. Kamfanin Take-Two ya sayi Zynga a 2022 kan dala biliyan 12.7, kuma irin wannan jari yana bin kasuwar da masu talla ke biya da tsoka ne. Yawan masu jin Hausa kaɗai bai isa ya jawo shi ba.

Wa zai ɗauki aikin?

Cibiyoyin da za su iya suna nan. A Nijar akwai INDRAP mai shirya littattafan makaranta, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa, da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka. A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Bayero a Kano. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne jerin kalmomi guda, mai nuna karin da kowace ta fito, wanda za a sake shi kyauta ga duk mai shirya manhaja. Jerin da zai yi wa wasa aiki shi ne zai yi wa manhajar gyaran rubutu da madannin waya aiki.

Siyasa na iya kawo tsaiko, ganin yadda dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami tun 2023. Idan kowane ɓangare ya yi nasa shi kaɗai, za a wayi gari da Hausa biyu a cikin waya, ɗan Konni da ɗan Illela su sake rabuwa a inda ya kamata su haɗu. Akwai kuma 'yan Nijar masu Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, waɗanda dokar 2001 ta ba harsunansu matsayin harsunan ƙasa tare da Hausa kafin sabon kundin ya sauya tsarin, lamarin da ya jawo muhawara. Aikin da aka yi wa Hausa a fili, aka bar hanyarsa a buɗe, zai iya zama samfurin da su ma za su bi, abin da zai rage zargin fifiko.

Ba sai an jira manhaja ba kafin a fara. Ranar Hausa ta Duniya, da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, a shafukan sada zumunta ta faro ba tare da kasafin wata gwamnati ba. Gasa tsakanin makarantun Konni, Malbaza da Illela biyu, da ƙwayoyin kwali da malaman Hausa a matsayin alƙalai, za ta fito da kalmomin da ake gardama a kansu fiye da kowane taron otel. Duk kalmar da aka yi jayayya a kai aka rubuta hukuncinta, ta zama layi ɗaya a jerin da ake nema.

Kundin 2025 ya ba Hausa matsayi. Ranar da ɗan Konni zai jera "lahiya", ɗan uwansa na Illela ya rama da "lafiya", manhaja ta karɓi duka biyun ta ba kowa makinsa, ranar ce za a san matsayin ya sauko daga takarda.